Jif Ɗin Tukur Riga-kare

A ƙasar Gaya, daga Balan har ka dangana da Kademi, babu mai kare da gora da bai san Tukur Riga-kare ba a shekarun da aka sami mulkin kai. Manomi ne kamar kowa, yana da gonar gero da ta gyaɗa, da wata 'yar fadama da ya gada wajen ubansa. Amma shi noma a wajensa zaman jira ne kawai. Da an kai amfanin gona gida sai ka ga mutumin ya farfaɗo, ya sauko da gorarsa daga rufin ɗaki yana shafa mata man shanu, matarsa Hansai tana kallonsa tana cewa ita da aka biya wa sadaki ba ta taɓa samun wannan gatan ba.

Sunan ba iyayensa suka raɗa masa ba. Datti makaɗin farauta ne ya sa masa, ranar da gada ta tashi a gabansu, Tukur ya bi ta da gudu ya sauke mata gora kafin karnuka su iso. Tun daga ranar, in an isa bakin daji Datti ya rataya ganginsa, sai ya fara da taken Ɗantani, sarkin dawarsu, daga nan ya juya kan na Tukur, mai ambaton sunan mahaifiyarsa: na Hure, ka riga kare isa. In ya ji wannan kiɗan tsigar jikinsa tashi take yi, ya manta da ƙaya, ya manta da ƙishirwa. A al'adarsu kuwa makaɗi ba ya kaɗa taken kowa sai wanda zai sa ƙafa a daji ran nan. Ko ɗan wane ne kai, in a bakin daji za ka tsaya, gangi bai san ka ba. Nama ma haka yake, abin da hannunka ko karenka ya kama shi ne naka, wanda bai shiga ba sai dai a yi masa kyauta.

Wani rani yana bin zomo, ba ma wani babban nama ba, ƙafarsa ta hagu ta faɗa tsohon ramin dila, gwiwa ta juya. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa yadda ya kamata. Yana iya takawa, yana iya noma a hankali, in ya dage ma zai zaga daji na wuni guda yana ɗingishi. Abin da ya gagare shi shi ne tafiyar da ake yi kafin a kai dajin. Don a waɗannan shekarun gyaɗa ta yi daraja, kowa ya ɗauki gatari, aka sare dazukan kusa aka mai da su gonaki. Namun daji suka yi kudu, can wajen ƙasar Bauchi, mafarauta suka bi su. Fitar da a da ake yi da sassafe a dawo da la'asar ta koma tafiyar kwana da kwanaki a ƙafa, da guzuri a kai. Ya gwada bin su a kan jaki. Tun ba a yi rabin hanya ba ƙafar da ke reto ta kumbura, jakin ya yi ta ci musu lokaci, samari suna dariya a ɓoye, dole ya juyo.

Haka ya zama ɗan kallo. Kowane rani a taru a ƙofar Ɗantani, karnuka suna haushi, shi yana jingine da katanga yana yi musu Allah ya ba da sa'a, zuciyarsa tana ƙuna. Ba naman ne ya dame shi ba, ana aiko masa da shi. Abin da yake so a duniya bai wuce guda ba: ya sake tsayawa a bakin daji da gora a hannu, Datti ya kaɗa masa takensa.

Dabarar ta zo masa ne ran kasuwar Ajingi. Yana zaune wajen masu sai da igiya sai ga jif ɗin masu allurar shanu ta ɓullo daga burtali, inda ko amalanke ke shan wahala, ta hau burji ta wuce abinta. Ya bi ta da ido har ta ɓace. Ya ce a ransa, ƙafar wuni guda ai yana da ita, abin da ya rasa shi ne mai kai shi bakin dajin. Bayan an gama kaka, mutum mai furfura a gemu, ya je ya zama yaron mota a wata babbar motar gyaɗa da ke zirga-zirga tsakanin Ajingi da Kano. Direban sa'ar ƙaninsa ne, amma haka zai aike shi ɗebo ruwan lagireto, ya daka masa tsawa ya sa weji a gangara. Ya haɗiye duk wannan. Ana yaƙin basasa a kudu, shi yana nasa yaƙin da kuloci, don ƙafar da ta lalace ita ce mai taka shi. Daga baya ya gano in ya ja kujera baya ya danna gwiwar da tafin hannu, tana shiga. Da haka ya iya tuƙi har ya karɓi lasin.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, tsofaffin motoci masu sitiyari a wancan gefen suka faɗi warwas, kowa yana neman rabuwa da tasa. Tukur ya ce lokaci ya yi, ya sa fadamarsa a kasuwa. Hansai ba mai yawan magana ba ce, amma ran nan ta yi. Ta tuna masa daga fadamar nan suke cin miya duk rani, daga ita take samun albasa da tumatir ɗin da take sayarwa a cikin gida.

Ta ce, "Maigida, ka yi tunani. Fadama ba ta lalacewa a hanya."

Ya ce, "Na yi, Hansai. Ba ta kuma kai ni inda nake son zuwa."

Ta koma kan aikinta, ba don ta yarda ba.

A Kano dillalai suka yi masa caa. Wannan ya ja shi wajen kiya-kiya, ya ce da ita zai riƙa jigilar fasinja daga Gaya zuwa birni, kafin shekara ya sake sayen fadama biyu. Wancan ya nuna masa akori-kura mai sheƙi, ya rantse ko ɗan sarki ba zai ji kunyar shigarta ba. Tukur bai kalli fenti ba. Kowace aka nuna masa sai ya kwanta a ƙasa ya leƙa cikinta, ya zura gorarsa ya gwada tazarar da ke tsakanin cikin da ƙasa, don ya san hanyar da zai bi kututture ne da kwazazzabo. Ya tambaya ko ƙafa nawa ke ja. In aka ce na baya kaɗai, sai ya karkaɗe rigarsa ya yi gaba. Dillalan suka fara zunɗen juna, wai baƙauye ya zo sayen mota kamar mai sayen saniya. Can a ƙuryar wani gareji ya iske tsohuwar jif, fentinta ya koɗe, ƙofa ɗaya da waya aka ɗaure ta, amma gajeriya ce, cikinta a sama, ƙafafunta huɗu duk suna ja. Ya ce ba zai biya ba sai an gwada ta a yashi. Aka kawo ta bakin kogin Wudil, ya rage wa tayoyin iska, ya sa ta a tsakiyar rairayi ya tsaya cak, sannan ya sake tayar da ita. Ta yi gurnani ta fita. A nan ya miƙa hannu aka yi ciniki.

Shirya ta ya fi sayenta cin rai. Ya kai ta wajen wani maƙeri a Gaya suka yi wata da watanni suna gardama. Aka cire kujerun baya aka sa benci biyu na katako. Aka yi mata kariyar ɗora kaya a sama don guzuri da gorori, aka kafa ƙugiyoyi a gefe inda za a rataye nama ya sha iska. Karnuka ne suka ba shi wahala, don dattawa sun ce ba za su zauna kare yana lasar musu rigar salla ba. Ya yi musu akurki na kara a can baya, tafiyar gwaji ɗaya suka tattaune shi, dole aka sake na ƙarfe. Ya samo tsohuwar rariya ya ɗaura a gaban lagireto kada 'ya'yan ciyawa su toshe shi. Ya rataya salka a goshin motar, iskar tafiya tana sanyaya ruwan. Sifiyar taya biyu, jak, shebur, famfo da kayan faci, da zana naɗe a sama wadda ake shimfiɗa wa taya in yashi ya riƙe ta. Da yake babu gidan mai a inda za su, ya ɗaure jarkokin fetur a bayan benci. Malamin unguwa ya zo ya tofa mata addu'a, ko da yake da ya ga akurkin karnukan ya ɗan ɓata fuska.

Ranar fitar farko garin kamar ana biki. Maza suka cika mota har kan kariya, waɗanda suka yi masa dariyar jaki su ne a gaba wajen neman wuri. Tafiyar da ke cin kwanaki, kafin rana ta take tsaka sun gama ta. Inda hanyar mota ta ƙare ya bi burtali, inda burtali ya ƙare ya bi gefen rafi, har suka tsaya gindin wata tsamiya, daji ya miƙe a gabansu. Kowa ya sauka, aka saki karnuka. Tukur ya sauko da gorarsa cike da murna. Datti ya rataya gangi.

Sai Ɗantani ya dubi motar, ya dubi jama'a, ya tambaya wa zai tsaya da ita. Babu wanda ya taɓa tunanin wannan, har shi mai motar. Ga fetur, ga tayoyi, ga makiyaya suna wucewa, ba a barin irin wannan dukiya a fili. Kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar takalmi.

Ɗantani ya ce, "Tukur, kai ka san halinta. Ka tsaya yau ka huta da ƙafarka, wani zuwan sai mu san yadda za a yi."

Tukur ya dubi gorar da ke hannunsa. Ya ce, "To, Sarki."

Datti ya kaɗa taken Ɗantani, ya tsallake na biyu ya tafi na uku. Suka shige, kiɗan yana raguwa har ya ɓace.

Wani zuwan bai taɓa zuwa ba. Kullum akwai dalili. Yau an ce ba a san wurin ba, gobe an ce akwai ɓarayi, jibi wanda ya yi alkawarin tsayawa ya ce karensa ba ya bin kowa sai shi. Mutanen da za su raba goro ɗaya da kai, aka rasa mutum guda a cikinsu da zai ba da wuni ɗaya. In sun fito da yamma sai su yi masa sannu da aiki, wannan ya miƙo cinyar zomo, wancan ya ba da zabo, yadda ake yi wa baƙo. A hankali sunan ma ya canja. Samarin da suka taso ba su taɓa ganin gudunsa ba, Direba suke ce masa, har Datti da bakinsa ya fara. Baƙin cikin wannan ya fi na karayar ƙafar, don a da yana gida ne bai ga abin da ya rasa ba, yanzu kuwa shi ke kai su har ƙofa ya zauna yana korar ƙuda. Da aka yi fari, gonakin tudu suka ƙone, wanda ya sayi fadamar yana fid da kwandunan tumatir, Hansai tana sayen na miya a hannun matar mutumin. Ba ta taɓa yi masa gori ba, shi kuwa da ma ta yi.

Bayan fari ya wuce aka yi damina mai albarka, gamba ta fi mutum tsayi. Ƙarshen wannan rani, bazara ta kawo kai, aka fita farautar ban kwana kafin a koma gona. Da suka isa, tun kafin kowa ya yi magana, Tukur ya ce yau da shi za a shiga, wanda ya ga dama ya tsaya da mota. Babu wanda ya ga dama. Sai wani ya kawo shawarar da kowa ya ji ta zauna masa daidai. Tun kaka da kakanni, in mafarauta suka isa bakin daji sukan tura guzurinsu cikin ciyawa su lulluɓe, mai wucewa ba zai gani ba. Me zai hana a yi wa motar haka? Tukur ya gangara da ita wani ɗan kwari mai duhun gamba, ya sa ta a giya, ya cire makulli. Aka shimfiɗa mata zanarta, aka yanko ciyawa aka rufe ta ruf. Ko su da suka ɓoye ta sai sun lura suke gane wurin. Ɗantani ya ɗebi ƙasa ya saki a hankali, ya ga iska daga arewa take, cikin dajin za ta kora wutar da suke cinnawa don tayar da nama, nesa da kayansu. Haka suke yi kullum. In ma wuta ta juyo, ai ba komai, samari su ruga su kwaso kaya.

Datti ya kaɗa taken Ɗantani. Ya ɗan yi jim, kamar mai laluben abin da ya daɗe da ajiyewa, sannan ya juya. Na Hure, ka riga kare isa. Hawaye ya zubo wa Tukur, bai ko share ba. Ya ɗaga gora sama ya yi kururuwa, ya sa ƙafa a daji.

Aka cinna wuta, aka bazu. Yana ɗingishi a baya, amma yana ciki. Da rana ta yi tsaka gada ta fito daga hayaƙi ta nufo inda yake, a rikice. Ba ya iya bin ta, sai ya jira ta, ya wurga kere ya same ta a ƙafafun gaba, ta tuntsura, ya faɗa mata ya yanka. Yana durƙushe a kanta yana dariya shi kaɗai sai ya ji iska a fuskarsa. Iska mai ɗumi ce, mai ɗan laima, daga kudu. Ya ɗaga kai ya ga hayaƙin ya karkata, ya koma ta inda suka fito.

Kowa ya gani, samari suka ruga kamar yadda aka saba. Sun kuwa riga wutar isa. Suka yaye ciyawa, suka buɗe ƙofa, sannan suka tsaya suna kallon juna. Ƙunshin guzuri ɗauka ake yi a gudu, wannan kuwa babu mai iya tayar da ita sai mutum ɗaya, makullin ma yana aljihunsa. Suka gwada turawa, tana cikin giya, tana cikin kwari, ko motsi. Shi kuma yana can baya ya yar da gada yana gudu, in wannan sunansa gudu. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, daga baya ya koma rarrafe. Da zafi ya matso samarin suka yi abin da suka iya, kowa ya fizgi ƙunshinsa da na ubansa ya yi ta kansa. Ciyawa ta kama, zana ta kama, sannan jarkokin. Yana jan ciki a cikin toka ya ji ƙarar.

Ko da ya isa, ƙarfe ne baƙi zaune a kan ƙasa, tayoyi suna hayaƙi. Babu wanda ya yi asarar ko buta sai shi. Gadar ma wani saurayi ya tsinta a inda ya yar da ita, a ƙa'idarsu kuwa abin da ka saki a daji ba naka ba ne. Gwiwar ta sake tashi, ba ya iya tsayuwa. Suka sare sanduna suka ɗaure da igiya, irin abin da suke ɗauko babban nama a kai, suka ɗora shi, ana karɓa-karɓa ana tsaki, har suka sami jakin aro a wata ruga. Da suka shigo gari bayan kwanaki Datti ya kaɗa taken masu tafiya da ƙafarsu, shi aka bi da shi ta bayan gida.

Garin ya sami abin taunawa. Wasu suka ce alhakin fadamar ubansa ne. Malamin unguwa ya ce shi dama tun da ya ga kare a mota ya san ba za a wanye lafiya ba. Waɗanda suka yanko ciyawar da hannunsu suka ce su ma sun yi mamakin yadda direba guda zai bar motarsa ya shiga daji, wa ya aike shi? Hansai ce ta yi jinyarsa. Da ya miƙe ya sayi famfo da gam, ya kafa rumfar faci a bakin tashar Ajingi, yana gyaran tayoyin kekuna da na motocin kasuwa. Yara suka san shi da Baba Mai-faci.

Da rani ya zagayo, mutanen Ɗantani sun ɗanɗana mota, babu mai sha'awar komawa tafiyar ƙasa. Suka yi hayar akori-kurar wani saurayi ɗan Ajingi. Da hantsi suka tsaya a rumfarsa a ƙara wa taya iska, karnuka suna leƙe ta baya, Datti yana zaune a kan kaya da gangi a cinya, ya kau da kai. Tukur ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, ya durƙusa a kan ɗayar, ya yi aikinsa. Da ya gama Ɗantani ya leƙo daga gaba ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya ɗan yi gyaran murya.

Ya ce, "Tukur, direban nan namu yaro ne, ya ce shi ma daji yake son shiga. Ko za ka zo ka tsare mana motar?"

Maganar da ta zo wa Tukur a baki, da ya faɗe ta da ba su sake gaisawa ba har abada. Ya dubi rumfarsa, ya dubi hanyar kudu. Sai ya naɗe tabarmarsa, ya ce wa mai shayin kusa ya duba masa famfo, ya kama ƙarfen motar ya ja jikinsa sama. Aka matsa masa wuri kusa da karnuka.

Haka ya yi ta bin su kowane rani har ƙarfinsa ya ƙare. In an isa sai ya share gindin itace ya shimfiɗa tabarma a gefen motar mutane, ya zauna ya miƙe ƙafa, yana sauraron gangi yana yin nisa.